Eka Arba'in da Kishimi Ɗaya

Ranar Talata da hantsi Doreen Kemna ta kira ni a waya, ta ce in zo da a-kori-kurata mai ƙugiya, an kashe Gwamna. Ban tambaye ta wane gwamna ba. Mu a Kilian gwamna ɗaya muka damu da shi, shi kuma ƙafa huɗu gare shi.

Kishimi ne, namijin barewa, mai ƙaho rassa goma sha huɗu, a dajin mahaifinta tsoho Alfons yake zaune. Babu maharbin yankin nan da bai yi mafarkinsa ba, amma tsohon bai taɓa barin wani ya shiga masa daji da bindiga ba, shi ma bai taɓa ɗaga masa tasa ba. Ni Marcella, shekara talatin ke nan ina feɗe wa mutanen garin nan barewa a mahautata, ina niƙa musu nama ina ɗurawa a hanji, su kai wa danginsu na birni su ce matansu ne suka yi. Ban taɓa sa ran Gwamna zai hau teburina ba, ban kuma so ba.

Da can, in mutum zai sayi fili a wannan ɓangare na jihar Missouri, ciyawa yake dubawa da ruwa, ya ƙiyasta shanu nawa wurin zai riƙe. A wannan ma'auni eka arba'in ɗin Alfons ba komai ba ce, duwatsu ne da kwazazzabai da bishiyoyi, ko akuya sai ta yi shawara kafin ta hau. Amma yanzu mutanen birni ne ke saye, su kuwa ba ƙasa suke saye ba, ƙaho suke saye. A ɗaura kyamara a jikin bishiya, in ta ɗauko hoton ƙaton kishimi, kuɗin eka ya tashi kafin gari ya waye. Dajin da dillalai suka yi wa kuɗi dala dubu biyu da ɗari biyar eka ɗaya, da Doreen ta sa hoton Gwamna a tallar, wani likitan haƙori daga St. Louis ya taya dubu biyar, ko ragi bai nema ba. Ranar Juma'a za a sa hannu.

Dalilin sayarwar ba ɓoyayye ba ne. Alfons ya haura tamanin, ya faɗi sau biyu a bara, na biyun ma sai da mai kawo wasiƙa ya tsince shi a ƙasan matakala. Filin kuma tun rasuwar matarsa ya mayar da shi sunan Doreen, don ita kaɗai gare shi. Abin da kowa ya ɗauka shi ne za ta sayar, ta kwashi tsohon ta kai shi gidanta a Jefferson City, ya rabu ke nan da gidan da aka haife shi a ciki. Shi kuma bai ce e ba, bai ce a'a ba. Haka mutanenmu suke, jikokin Jamusawa, kai ka ce da kuɗi suke sayen magana.

* * *

Na tarar da su a gindin wata kanya, can ƙasan kwari. Doreen ce ta kawo likitan ya zaga iyakar filin kafin ranar sa hannu, sai ungulaye suka nuna musu hanya. Likitan yana tsaye gefe cikin sababbin takalman daji, ya toshe hanci da hankici. Tillman, malamin dajin yankinmu, yana ta ɗaukar hoto.

Gwamna yana kwance, an yanke ƙahon da zarto har da ɓangaren ƙoƙon kai, an bar sauran. Ko cinya ɗaya ba a cira ba, cikin ya riga ya kumbura. Raina ya ɓaci ba kaɗan ba. Yin harbi tun ba a buɗe farautar bindiga ba laifi ne a wurin hukuma, amma barin nama ya ruɓe laifi ne a wurin kowa, har da waɗanda ba sa ga maciji da hukumar.

Tillman ba mutumin banza ba ne, sai dai sawu ba fanninsa ba ne, ya kuma san haka, shi ya sa ya aika aka kira Norbert Bax. Norbert ne mai bin sawun garinmu. In maharbi ya harbi barewa ta gudu da rauni, shi ake kira da karyarsa Minna, su bi jini har su samo ta. Ajinmu ɗaya a makarantar coci, tun a lokacin ba ya amsa gaisuwa sai ya gama duba takalmin mutum. Mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, Alfons ne ya ja shi daji ya koya masa duk abin da ya sani.

Ya sa kowa ya ja baya. Ya zagaya mushen a hankali, ya tsuguna, ya tashi, ya sake tsugunawa. Sannan ya faɗi abin da ya gani a taƙaice. Harbi ɗaya ne, a bayan kafaɗa, tun sassafen Litinin, kuma daga kusa. Kishimin bai yi ko taku ɗaya ba, inda yake tsintar kanya nan ya faɗi. Wanda ya yi aikin ya share sawunsa da reshe.

"Daga kusa kamar yaya?" in ji Tillman.

"Kamar daga nan zuwa inda likita yake tsaye."

"Dabbar da ko warin mutum ba ta yarda da shi?"

Wani abu ne ya ɗauke hankalin Norbert. Ganyen da ke gefen mushen a danne yake, da jini, alamar a hagunsa ya faɗi, amma ga shi kwance a damansa. Wani ya juya shi ke nan. Tillman ya ce don a ji daɗin yankan ƙaho ne, Norbert ya ce mai yiwuwa. Sai ya durƙusa wajen kan, ya ba mu baya, ya buɗe bakin dabbar wai zai duba haƙora. Ya daɗe a haka. Na ga hannunsa ya shiga aljihun rigarsa ya fito. Da ya miƙe fuskarsa ta yi wani iri, ni kuwa na ɗauka wari ne.

Ya sa Minna ta bi ɗigon jinin ƙahon. Ta ɗauki hanya da zafinta, amma ba titi ta nufa ba, sama ta yi, wajen tudun da gidan Alfons yake. Norbert ya ja igiyar ya ce iska ce ta ruɗa ta. Na daɗe da sanin karyar nan, ban taɓa jin iska ta ruɗa ta ba.

A bakin mota likitan ya ce wa Doreen, cikin ladabi, zai yi tunani. Duk mun san ma'anar tunanin. Ita kuma ta roƙe mu kada kowa ya kai wa mahaifinta labarin dalla-dalla. Za ta gaya masa Gwamna ya mutu, shi ke nan, zuciyarsa ba za ta ɗauki sauran ba.

* * *

Kafin yamma gari ya yanke hukunci, a mahautata kuma aka yi zaman kotun, tunda nan ne ake shan kofi kyauta. Dwayne Pruitt ne, in ji su. Ba ɗan gari ba ne, daga kudu ya zo, ba ya zuwa cocinmu, kuma an taɓa kama shi yana farauta da fitila, ya biya tara. An ga motarsa a ƙofar dajin Alfons da sassafen Litinin. Wata mata har rantsuwa ta yi ta ga hannayensa baƙi ƙirin da busasshen jini. Tillman ya ce in ta tabbata, wannan karon ba tara ba ce, gidan yari ne, za a kuma ƙwace motar. Da motar nan Dwayne yake ciyar da 'ya'yansa.

Washegari Norbert ya ce in raka shi, wai mutane sun fi sakin baki in ina wurin, don ba na barin shiru ya zauna. Ban sani ba ko yabo ne, amma na rufe shago na bi shi.

Mun sami Dwayne a bayan gidansa yana ɗaure buhuna. Bai musa zuwa wurin ba. Ya ce tsoho Alfons ne ya ba shi izinin tsintar gyaɗar walnat a bakin shinge kowace kaka, ya kai wa masu saye. Ya buɗe mana hannayensa. Ruwan ɓawon walnat ne, duk wanda ya taɓa tsinta ya san sai ya yi makonni kafin ya fita, ita ma mai rantsuwar ta sani.

"Ka ji harbi?" in ji Norbert.

"Na ji mana. Ina cika buhun farko. Na ce wa kaina, Dwayne, kwashi naka ka yi gaba, ko Fafaroma ne ya yi harbin nan kai za a ce." Ya juyo wajena. "Ko ba haka ba, Madam Marcella? A shagonki aka ɗaure ni jiya, labari ya zo min."

Na ce masa ni kofi kawai na zuba. Duk da haka kunya ta kama ni.

Norbert ya duba takalmansa, ya duba tayar motar da bayanta. Sai ya shiga tambayarsa ko ya ga wata mota, ko babur, ko baƙon mutum a ƙafa. Dwayne ya ce babu wanda ya shiga, babu wanda ya fita, hanya ɗaya ce kuma a bakinta ya ajiye motarsa. Norbert ya sake juya tambayar ta wata fuskar, ya sake juyawa, har ta koma kamar roƙo. Amsar ba ta canza ba.

A hanya ya ce min ba shi ba ne. Mai farauta da fitila daga titi yake harbi, ba ya gangara kwari, kuma mai 'ya'ya irin Dwayne ba zai tafi ya bar naman baya ba. Na ce to madalla. Amma shi bai yi kama da wanda ya ji daɗin wanke wani ba.

* * *

Daga nan muka wuce ofishin Leroy Massman. Sana'ar Leroy ita ce sayen ƙananan filaye da araha, ya sare manyan bishiyoyin ya sayar wa masu katako, ya yanka filin gunduwa-gunduwa ya sayar wa 'yan birni masu neman wurin farauta ko wurin ajiye kuɗi. Tun bazara ya taya dajin Alfons dubu biyu da ɗari biyu, Doreen ta sallame shi daga bakin ƙofa. In akwai wanda mutuwar Gwamna ta yi wa rana, shi ne. Norbert kuma ya ga sawun takalminsa a tudun gabas, da ɗigon fenti a gindin wasu bishiyoyi. Ni dai har addu'a na yi a mota Allah ya sa shi ne.

Da dariya ya tarbe mu. Ya ce ya shiga, ya auna bishiyoyi ya yi musu alama, amma tun makonnin baya. Daga Lahadi zuwa Litinin yana can wani gari wajen gwanjon fili, cike da zaure aka gan shi.

"Norbert, ni ba na harbi," in ji shi. "Jira nake yi. Tsofaffi su gaji, 'ya'ya su koma birni, mai saye ya fasa, sai wayata ta yi ƙara. Me zai kai ni kwari da sassafe in ɓata takalmina?"

"Allah wadaran wannan sana'a," na ce.

"Ke da kike zaune jiran barewa ta mutu fa, Uwar Wuƙa?"

Maganar nan har yau tana cina. Muna fita ya ƙara da cewa likitan ya fasa da safen nan, shi ya riga mu ji. Tayinsa yana nan yadda yake, sai dai gidan babu kowa a ciki yake so, don zai rushe shi ya fitar da hanyar manyan motoci.

* * *

Tillman ya sa ni in cire masa muƙamuƙin kishimin, za a duba shekarunsa. Ina cikin aikin na ga wasu ƙananan ganye kore shar a maƙale tsakanin haƙora, ba a tauna su ba. Ganyen al'ul ne, wata bishiya da ba ta zubar da ganye ko da sanyi. Barewa ba ta taɓa al'ul sai tsakiyar sanyi in yunwa ta kai mata karo, ba a lokacin da kanya ke zuba tana ruɓewa a ƙasa ba. Sai na tuna hannun da ya shiga aljihu.

Da safiyar Alhamis na sami Norbert zaune a matakalar gidansa, Minna ta ɗora kai a gwiwarsa.

"Me ka cire a bakin Gwamna?"

"Marsi, je ki yi aikinki."

"Na ga hannunka, na kuma ga inda karyar nan ta nufa. Gobe Tillman zai ɗauki Dwayne, kai kuwa kana nan kana shafa kare."

Ya ce, "Tun shekaranjiya nake neman wanda zan ɗora wa wannan abu da gaskiya. Ban samu ba."

Bai ƙara min bayani ba. Ya ce in gaya wa Tillman kada ya taɓa kowa sai an haɗu a gidan Alfons da la'asar, ya zo da Dwayne, a kuma kira Leroy. Doreen ta ƙi da farko, ta ce za a kashe mata uba da baƙin ciki. Norbert ya ce mata daji nasa ne ko da sunan wa yake a takarda, yana da hakkin ya ji abin da ake shirin yi a kansa. A ƙarshe ta yarda.

* * *

A kicin muka zauna. Alfons yana kan kujerarsa ta kullum, sandarsa a jingine, sanye da rigarsa ta zuwa coci, alhali ranar Alhamis ce. Ya rame a 'yan kwanakin nan, har wuyan rigar ya yi masa yawa. Doreen ta zuba kofi, babu wanda ya sha sai Leroy. Minna ta ƙi shigowa. Ta tagar na hango ta, ta je ta kwanta a ƙofar ɗakin bandar nama da ke bayan gida.

Norbert ya fara da Leroy, ya ce sawunsa tsoho ne, ruwan sama ya riga ya taka shi. Sannan ya faɗi abin da ya gani a wurin Dwayne. Tillman ya saurara har ƙarshe, ya ce duk ya ji, amma wannan ba zai ishi alƙali ba. Mutum ɗaya aka gani a wurin a lokacin harbin, mutumin kuma yana da tsohon laifi irin wannan, don haka gobe zai kai shi.

A nan Alfons ya ɗago kai. "Dwayne za ku ɗaure?"

Duk kwanakin nan babu wanda ya gaya masa zargin da ake wa Dwayne. Duk mun yi ta lallaɓa shi, mun bar shi cikin duhu.

Norbert ya sa hannu a aljihu ya fito da hankici, ya warware shi a kan tebur a gaban Tillman. Ɗan reshen al'ul ne, bai wuce tsawon tafin hannu ba, jini ya bushe a gefensa. Ya ce a bakin Gwamna ya cire shi, ya kuma ɓoye, wannan laifinsa ne, Tillman ya rubuta in ya so. Ya nuna gindin reshen, ya ce a duba, karyo shi aka yi da hannu, ba a sa masa wuƙa ba.

Sannan ya yi mana bayanin abin da ni kaina ban sani ba, tunda Alfons bai taɓa kawo min barewa ba, da hannunsa yake feɗe tasa. Kakan Alfons ne ya zo da al'adar daga Jamus. In maharbi ya kashe kishimi, sai ya kwantar da shi a damansa, ya karyo ɗanyen reshe ya sa masa a baki, abincinsa na ƙarshe ke nan, sannan ya cire hula ya tsaya shiru a kansa. Sauran gidajen sun manta da wannan tun kafin a haife mu.

"Ɓarawon ƙaho ba ya ciyar da abin da ya kashe," in ji Norbert. "Mutum biyu suka rage a garin nan masu yin haka. Ɗaya ni ne."

Bai dubi kowa ba da ya faɗa. Ya zauna, ya ɗora hannayensa a kan gwiwa.

Alfons ya miƙa hannu ya jawo hankicin gabansa. Ya dubi reshen.

"Ka cire masa," ya ce.

"Na cire, Baba."

"Bai kamata ba."

"Na sani, Baba."

Daga nan tsohon ya faɗi sauran da kansa, a hankali, kamar mai ba da labarin wani. Ya ce niyyarsa ya bar shi yadda ɓarayi ke bari. Ya yanke ƙahon, ya share sawu, har ya kai rabin tudu, sai ƙafafunsa suka ƙi gaba, ya kasa barin sa haka. Ya koma. Ya yi ta fama da ƙafafun dabbar har ya juya ta, ya sa mata reshen, ya sake share sawun. Ya ce shekara bakwai kishimin nan yana cin kanya, shi kuma yana zaune kusa da shi a kan kututture, ranar ma da ya gan shi ko kunne bai ɗaga ba. Ƙahon yana ɗakin banda, a cikin buhu. Ya juya wajen Dwayne ya ce masa ya yafe masa, bai san a kansa abin zai faɗa ba. Dwayne ya sunkuyar da kai, ya ce ba komai, Baba.

Tillman ne ya tambaye shi dalili, da murya ƙasa-ƙasa.

"In babu shi, duwatsu ne kawai. Wa zai saya? Na ce sai a bar ni in mutu a ɗakina."

Doreen tana tsaye a bakin murhu da butar kofi a hannu. Ta ajiye ta a hankali.

"Baba, gidan ba ya cikin cinikin."

Ta ce shi likitan, dajin kawai yake so, shi ma na 'yan kwanaki a shekara. Wata guda ta yi tana ja da shi har ya yarda tsohon ya ci gaba da zama a gidan iya rayuwarsa, har murna ya yi zai sami mai sa masa ido a kan fili. Da kuɗin kuma za ta ɗauki mata mai jinya ta riƙa zuwa kullum, ta riga ta yi magana da matar. Ba Jefferson City za ta kai shi ba, ba ta taɓa niyyar haka ba.

"Me ya hana ki faɗa min?"

"Kai ka koya min ba a maganar ciniki sai an sa hannu. Na ji tsoron in sa maka rai mutumin ya fasa. Gobe na so in gaya maka." Ta juyo ta fuskance shi. "Kai me ya hana ka ce min ba ka son tafiya?"

"Ba ki tambaye ni ba."

"Kai ma ba ka tambaye ni ba, Baba."

Na sha ganin baƙin ciki a garin nan, amma ban taɓa ganin wanda ya ba ni haushi da tausayi lokaci ɗaya irin wannan ba. Uba da 'ya, duk zuwanta suna cin abinci a tebur ɗaya, kowa yana kare ɗan'uwansa da shiru. Ko Leroy ya kasa ƙarasa kofinsa, ya ɗauki hularsa ya fita.

* * *

Tillman ya tafi da ƙahon da bindigar. Alƙali ya ci tsohon tara, ya hana shi farauta, hukuncin da bai rage masa komai ba. Doreen ta kira likitan, ya ce ya yi mata jaje, amma ya riga ya sami wani fili a arewa, mai wani kishimin a hoto. Ta sake sa talla, masu zuwa su zo su duba duwatsu su tafi. Ta yi ta riƙewa, tana zirga-zirga tsakanin aikinta da Kilian, har tsohon ya sake faɗuwa a watan Janairu. Bayan wannan sai wayar Leroy ta yi ƙara. Ta sayar masa, har da gidan.

Ya raba dajin kashi huɗu. A tallar da ya fitar, hoton Gwamna ya sa, ya rubuta a ƙasa wai 'ya'yansa da jikokinsa suna nan a filin. Kafin ya sare bishiya ta farko ya sayar da kashi biyu.

Gari bai ba Dwayne haƙuri ba, mu ba mu iya wannan ba. Ni dai na aika masa da nama, wasu kuma suka fara ɗaga masa hannu a titi. Ranar kwashe kaya shi ya fara zuwa da motarsa, ba wanda ya kira shi.

Ni da Norbert muka fitar da kayan kicin. Muna hutawa a matakala ya ce min da ma ranar iska ta ruɗa Minna da gaske. Na ce masa ko ta ruɗa ta, likitan ya riga ya tafi, Dwayne kuma da yana gidan yari. Ya ce ya sani. Ya ce abin da ke damunsa, duk kakar nan yana zuwa wurin tsohon suna zama a wannan matakala, suna hirar sawu da ruwan sama, bai taɓa tambayarsa ko yana son tafiya ba. Na ce masa babu wanda ya tambaya a cikinmu.

Da aka gama lodi Doreen ta kulle ƙofa, ta riƙo hannun mahaifinta za ta kai shi mota. Ya zame hannunsa. Ya dogara sandarsa ya nufi wani al'ul da ke bakin shinge, ya kama ɗan reshe yana lanƙwasawa. Yatsunsa ba su da sauran ƙarfi, reshen kuma ɗanye ne, ya ƙi karyewa. Dwayne ya zaro wuƙa zai taimaka masa, Norbert ya riƙe masa hannu. Muka tsaya muna kallo har ya karye.

Ya dawo a hankali, ya hau matakalar, ya cusa reshen a tsakanin ƙofar da madogararta, ya danna shi da yatsa don kada iska ta fitar. Sannan ya cire hularsa ya tsaya. Norbert ya cire tasa, Dwayne ma ya cire. Ni da ba ni da hula sai na tsaya rungume da agogon bangonsa, ina jin haushin mu duka.

Can ya mayar da hular.

"Doreen, mu tafi," in ji shi.